Kwana Ɗaya a Gidan da Aka Ce Akwai Fatalwa

Da yawa a cikinmu mun tashi muna zaton tsoron fatalwa namu ne mu kaɗai, Bature kuwa ya yi ilimi ya wuce wannan. Ba haka abin yake ba. A ƙasar Ingila da wuya ka shiga tsohon gari ba a nuna maka wani gida an ce mamaci yana zagaya shi da dare ba. Bambancinmu da su shi ne, mu in an ce gida yana da fatalwa sai kowa ya kauce, har ɗan haya ya kwashe komatsansa ya bar sauran kuɗinsa. Su kuwa sai su rubuta a allo, su buga a takarda, mutane su biya kuɗi su zo su kwana. Na kwana a ɗaya daga cikin waɗannan gidaje. Ina so in ba masu karatu labarinsa, gama a can ne jikata ta yi mini wata tambaya wadda na san tana cikin zukatan yara da manya a gidajen masu bi da yawa, ko da yake ba kullum ake furta ta ba.

Sunan gidan Jamaica Inn, watau Masaukin Jamaika. Yana wani ɗan ƙauye da ake kira Bolventor, cikin lardin Konwal, can ƙuryar kudu maso yammacin Ingila inda ƙasar ta tsuke ta miƙe cikin teku. Ƙauyen yana tsakiyar dajin Bodmin. In na ce daji kada ku ɗauka irin namu ne mai ƙaya da kuka da tsamiya. Tudu ne mai faɗi, da ƙyar ka ga itace, sai gajeriyar ciyawa, da manyan duwatsu, da fadamu masu taɓo wanda yake iya riƙe dabba har ta mutu. Tumaki da ƙananan dawaki suna kiwo a sake ba makiyayi. Tudun da ya fi kowane tsayi a lardin, wanda suke kira Brown Willy, yana nan kusa, tsayinsa mita 420. Iska ba ta hutawa a wurin, hazo mai sanyi kuwa yakan sauko ba sallama, har mutum ya kasa ganin wanda yake tafe a gabansa.

An gina masaukin a shekara ta 1750, aka ƙara masa ɗakunan dawaki da rumfar ajiye keken doki a 1778. A zamanin babu mota, babu jirgin ƙasa. Mai tafiya tsakanin garin Launceston da garin Bodmin, tafiyar kimanin mil 20, dole ya ratsa dajin nan, gidan kuwa yana kusan tsakiyar hanya. Nan ake sauya dawaki, matafiya su ji ɗumin wuta, su ci abinci, su kwana in dare ya yi musu. Zango ne dai irin na fatake. Game da sunan, abin da aka fi faɗi shi ne ya samo asali daga iyalin Trelawny, manyan masu ƙasa a lardin, waɗanda mutum biyu daga cikinsu suka yi gwamnan tsibirin Jamaika a ƙarni na 18.

Abin da ya fara ba gidan mugun suna shi ne fasa-ƙwauri. A ƙarnin nan gwamnatin Ingila ta ɗora haraji mai nauyi a kan ganyen shayi, da taba, da barasa. Harajin shayi ya kai 119 bisa ɗari, watau haraji ya fi kuɗin kayan, sai a 1784 aka rage shi zuwa 12 da rabi. Konwal kuwa teku ya kewaye ta kudu da arewa, ga lunguna cikin duwatsun gaɓa, ga talauci. Sai ƙananan jiragen ruwa su ɗauko kaya daga Faransa su sauke da dare, a ɗora wa dawaki a ratsa daji da su. Ana cewa masaukin nan yana cikin wuraren da akan ɓoye kayan kafin a wuce da su. Ana kuma cewa 'yan fasa-ƙwaurin da kansu sukan baza labarin fatalwa a ƙauyuka, domin wanda ya ji ƙarar kofato da tsakar dare ya ja bargo ya rufe kansa maimakon ya leƙa taga.

Amma abin da ya kai sunan gidan duniya littafi ne. Wata marubuciya, Daphne du Maurier, ta sauka nan a 1930. Ta fita kilisa tare da ƙawarta, hazo ya rufe su suka ɓata, da ƙyar suka komo. Daga nan ta ƙaga labarin wata marainiya wadda ta zo zama wurin innarta, ta tarar mijin innar, mai masaukin, yana cikin ƙungiyar masu hallaka jiragen ruwa su kwashe kayansu. Littafin ya fito a 1936 da sunan gidan, Alfred Hitchcock kuma ya mai da shi fim a 1939. Abin dariya shi ne, a lokacin da ta rubuta shi ba a ma sayar da giya a gidan. Ita da kanta ta faɗi haka a farkon littafin, ta kuma ce mutanen labarin duk ƙagaggu ne.

Ga yadda aka yi na je. Matata ta tafi wurin Ubangiji a 2022, bayan mun yi shekara 41 tare. Da shekara ta kewayo, 'yarmu wadda take aikin jinya a birnin Plymouth ta matsa sai na zo na huta wurinsu. Wani dattijo a ikilisiyarsu ya ce bai kamata in koma gida ba tare da na ga wani ɗan gida a ƙauyen Trewint ba, inda John Wesley, wanda ya kafa ɗarikar Metodis, yakan sauka. Surukina ya duba taswira ya ga masaukin nan yana kusa, ya kama mana ɗaki biyu. Muka tashi ranar Juma'a da yamma mu huɗu, ni da 'yata da mijinta da jikata mai shekara 9, wadda nake kira amarya, ita kuwa tana kirana Kaka. Tafiyar kamar awa ɗaya ce a mota.

Na san wani mai karatu zai ce, me ya kai dattijon ikilisiya gidan giya? Tambaya ce mai kyau, ni ma na yi wa surukina ita. A ƙauyukan Ingila irin wannan gida shi ne gidan abinci, shi ne masaukin baƙi, a gefe guda kuma ana sayar da giya. Iyali sukan zo da yaransu su ci abincin rana. Mu shayi muka sha, muka ci irin abincinsu na lardin, nama da dankali da albasa a naɗe cikin kwaɓaɓɓiyar fulawa an gasa, wanda masu haƙar kuza suke shiga rami da shi a dā. Ban ce kowa ya yi koyi da ni ba. A garinmu, inda shiga gidan giya yake da ma'ana ɗaya tak, ba zan sa ƙafata ba, domin kada in zama sanadin tuntuɓe ga wani.

Gidan na dutse ne, farfajiyarsa an shimfiɗe ta da ƙananan duwatsu. A ciki rufin gajere ne, itatuwan rufin sun yi baƙi, ga wuta tana ci a murhu. Ma'aikatan sun karɓe mu da fara'a. Akwai ɗan ɗakin tarihi inda aka jera irin kayan da 'yan fasa-ƙwauri suke ɓoye haja a ciki, da teburin rubutun marubuciyar nan, akwai kuma kantin tsaraba. Muna jiran abinci sai amarya ta ja hannuna ta nuna mini wani ɗan allon ƙarfe da aka kafe a daɓe, an rubuta cewa a daidai nan aka kashe Joss Merlyn. Ta tsallake shi a hankali, ba ta taka ba. Joss Merlyn kuwa shi ne mugun mai masaukin nan na cikin littafi. Ba a taɓa haifarsa ba balle a kashe shi. Na gaya mata haka ta yi dariya, amma na lura da muka tashi fita ta sake kewaye wurin.

Labaran fatalwar gidan a rubuce suke, kowa yana iya karantawa. Wai akan ji ƙarar kofato da ƙafafun keken doki a farfajiya da dare, a leƙa ba kowa. Wai akan ji muryoyi suna magana da wani baƙon harshe, wasu su ce tsohon harshen Konwal ne. Wai akwai wani mai hula mai kusurwa uku wanda yakan ratsa ƙofa tana rufe. Wanda ya fi shahara shi ne labarin wani baƙo da yake zaune yana sha, aka kira shi waje, ya bar kofinsa da saura, bai komo ba. Da safe aka tsinci gawarsa a daji, ba a gano wanda ya kashe shi ba. Wai a 1911 mutane da yawa sun ga wani mutum zaune a kan katangar gidan, ba ya motsi, ba ya amsa gaisuwa, suka ce baƙon nan ne ya komo. Masu talabijin sun zo sun ɗauki shiri a kan wannan. Akan kuma shirya dare na musamman, mutane su biya kuɗi su kwana a farke da na'urori suna neman ji daga matattu. Amarya ta fi ni saurin karatun Turanci, ta karanta duka kafin iyayenta su farga.

Wajen ƙarfe 11 na dare iska ta tashi. Tsohon gida ba ya shiru da dare. Katako yana ƙara in ya huce, bututun ruwan zafi yana ƙwanƙwasawa, can kuma manyan motoci suna wucewa a babbar hanya. Ina zaune a ɗakina ina karatu sai aka buga ƙofa. 'Yata ce riƙe da hannun yarinyar.

"Baba, ka ji da amaryarka, ta ƙi barci."

Na ce, "Amarya, tsoron mai hula kike ji? Ai ga angonki nan, ba mai taɓa ki."

Ba ta yi dariya ba. Ta zauna a bakin gado ta ce, "Kaka, ba shi ba ne. Mutumin nan na kan katanga, ya fi shekara ɗari yana zaune a waje cikin sanyi, ba wanda ya shigo da shi. Iya ma haka take? Tana can tsakar gidanmu ita kaɗai, mu kuwa duk mun taho nan?"

Iya ita ce kakarta, matata. Ashe ba tsoro ne ya hana yarinyar barci ba, tausayi ne. Na ɗaga kai na ga uwar ba ta koma ɗakinta ba, ta jingina da ƙofa tana kallon ƙasa. Saboda nisa ba ta sami zuwa jana'izar mahaifiyarta ba, ta waya ta kalla. Sai na gane mutum biyu nake amsa wa.

Da sauƙi in ce, babu wani abu wai shi fatalwa, je ki kwanta. Haka akan yi a gidaje da yawa, yaro kuwa ya tafi da tambayarsa, ya koyi cewa ba a kawo wa manya irinta. Na buɗe Littafi Mai Tsarki da yake hannuna, muka bi wurare kaɗan tare.

Na fara nuna mata cewa almajiran Yesu ma sun ji irin wannan tsoro. A Markus sura 6, sa'ad da ya zo musu da dare yana tafiya a kan ruwa, sun yi ihu suna tsammani fatalwa ce. A Luka sura 24, bayan tashinsa daga matattu, sun sake firgita da irin wannan zato. Duka biyun Ubangiji bai kore su don sun tsorata ba. A teku ya sanar da su shi ne, ya shiga jirgin, iska ta kwanta. A ɗakin kuwa ya nuna musu hannuwansa da ƙafafunsa, ya nemi abinci, suka ba shi gasasshen kifi ya ci a gabansu. Na ce mata, "Kin gani, wanda ya komo daga mutuwa da gaske bai zauna a kan katanga yana ƙin amsa gaisuwa ba. Ya shigo ciki, ya yi sallama, ya ci abinci tare da mutanensa."

Sa'an nan na zo kan Iya. Muka karanta Luka sura 23, inda Yesu ya yi wa ɓarawon da ya tuba alkawari cewa a ranar nan za su kasance tare a Firdausi. Muka duba 2 Korantiyawa sura 5 da Filibiyawa sura 1, inda Bulus ya nuna cewa in mai bi ya rabu da jikin nan wurin Ubangiji yake sauka, can kuwa ya fi nan nesa ba kusa ba. Muka ƙare da Yahaya sura 14, inda Yesu ya yi alkawarin shirya wa nasa wuri a gidan Ubansa.

Na ce, "Amarya, wanda aka shirya wa ɗaki yana kwana a waje?"

Ta girgiza kai.

Na ce, "To, Iya ba ta tsakar gida. Kujerarta tana nan, da turminta, da Littafinta mai bangon fata, wata rana in na gan su sai hawaye su zo mini. Amma ita kanta an riga an shigo da ita. Mu ne har yanzu muke kan hanya. Mu ne baƙi a masauki."

Ta yi shiru, can ta ce, "To, shi mutumin katanga fa?"

Na nuna mata Ibraniyawa sura 9, inda aka ce sau ɗaya mutum yake mutuwa, shari'a kuma ta biyo baya. Na ba ta labarin mai arziki da Li'azaru a Luka sura 16, yadda mai arzikin ya roƙa a aiki Li'azaru wurin 'yan'uwansa masu rai, ba a yarda ba. Na ce mata in da gaske an kashe wani baƙo a dajin nan, yana hannun Allah mai shari'ar gaskiya, wanda ya san sunansa, ya kuma san wanda ya kashe shi. Ba a bar shi a kan katanga ba. Muka yi addu'a mu uku. Kafin in ce amin yarinyar ta fara gyangyaɗi, ubanta ya zo ya ɗauke ta. Uwar kuwa ta zauna inda 'yarta ta tashi, ta yi kukan da ta riƙe shekara guda, muka yi hirar mahaifiyarta har ƙarfe 1 na dare.

Ga manya ina so in ƙara wani abu. Mai bi ba ya cewa duniyar da ba a gani babu ita. Gidan su John Wesley kansa, a garin Epworth inda mahaifinsa yake hidimar ikilisiya, ya sha fama da bugun ƙofa da ƙarar da aka kasa gano tushenta, daga Disamba 1716 zuwa farkon 1717, har 'yan matan gidan suka laƙaba wa abin suna Tsoho Jeffrey. John yana makaranta a Landan a lokacin, amma daga baya ya tattara shaidar 'yan gidan ya buga. Bai yi wa abin ba'a ba, bai kuwa bar shi ya hana shi ratsa dazuzzuka dare da rana yana wa'azi ba. Afisawa sura 6 ta gaya mana akwai mugayen ruhohi da muke kokawa da su, Kolosiyawa sura 2 kuma ta gaya mana Almasihu ya riga ya ci nasara a kansu a bisa gicciye. Yawancin abin da yake firgita mutane da dare iska ce, da tsohon katako, da labarin da suka ji da rana. In ma akwai abin da ya wuce haka, ba kakanmu ba ne, kuma ba ya fin ƙarfin sunan Yesu.

Abin da Littafi ya hana ƙiri-ƙiri shi ne neman magana da matattu. Maimaitawar Shari'a sura 18 da Ishaya sura 8 ba su bar ƙofa ba, labarin sarki Saul da matar nan ta Endor kuma ya nuna inda hanyar take kaiwa. Ko da na'ura aka nema, ko ta bakin boka, abu ɗaya ne. Da yawa masu zuwa irin wannan dare don nishaɗi suke zuwa, amma ina tsammani a cikinsu akwai masu makoki, masu tambaya irin ta jikata, waɗanda ba su sami mai amsa musu ba. A ƙidayar 2021 waɗanda suka ce su Kirista ne a Ingila da Wales 46 ne bisa ɗari, karo na farko da suka kasa rabi. A hanya mun wuce majami'u da aka mayar gidajen zama. Mutum yana iya barin zuwa sujada, amma tambayar nan ta ina matattunmu suke ba ta barinsa. Irin waɗannan mutane addu'armu suke bukata, da bishara.

Da safe gari ya washe, muka yi tafiyar mil 4 ko 5 zuwa Trewint, kusa da ƙauyen Altarnun. Gidan ƙarami ne ƙwarai, in ba a nuna maka ba sai ka wuce. Ga tarihinsa. A 1743, shekara 7 kafin a gina Masaukin Jamaika, masu wa'azi biyu na Wesley, John Nelson da John Downes, suna hanyar shiga Konwal da doki ɗaya tsakaninsu. Suka iso Trewint a gajiye, ba masauki a ƙauyen. Suka buga ƙofar wani magini mai suna Digory Isbell. Ba ya gida, amma matarsa Elizabeth ta ba su gurasa da man shanu da madara, ta ba dokinsu ciyawa. Kafin su tafi suka durƙusa suka yi addu'a ba da littafi a hannu ba, abin da ya ba ta mamaki ƙwarai. Ta ba mijinta labari. Da Nelson ya biyo ta nan a komowarsa suka karɓe shi, ya yi wa jama'a wa'azi a wurin.

A watan Afrilu 1744 Wesley da kansa ya iso, jiƙe sharkaf da ruwa da ƙanƙara. Ya yi wa'azi da yamma, jama'a suka fi ƙarfin gidan. Da safe dusar ƙanƙara ta rufe hanyoyin dajin duka, sai Digory ya shige gaba ya yi masa jagora. Daga baya Digory ya karanta 2 Sarakuna sura 4, labarin matar nan ta Shunem wadda ta ce wa mijinta su yi wa annabi Elisha ɗan ɗaki a sama, su sa gado da tebur da kujera da fitila. Sai ya ɗauki kayan aikinsa ya ƙara wa gidansa ɗaki biyu, na ƙasa domin sujada, na sama domin kwanan masu wa'azi. Wesley ya sauka nan sau 6. An gyara gidan aka buɗe wa masu ziyara a 1950.

Ta irin wannan ƙofa bishara ta yaɗu a lardin. Wesley ya zo Konwal sau 32 tsakanin 1743 da 1789, bai kuwa yi wa fasa-ƙwauri sassauci ba. A 1753 ya tarar kusan dukan 'yan ƙungiyarsa a garin St Ives suna saye ko sayar da kayan da ba a biya wa haraji ba, ya ce ko su bari ko kuwa ba za su ƙara ganinsa ba. A 1767 ya buga 'yar takarda musamman a kan zunubin nan, yana kiransa sata.

Muka hau ɗakin saman nan. Amarya ta waiwaya ta ce, "Kaka, nan ma akwai fatalwa?" Na ce mata Digory da Elizabeth sun fi shekara 200 da rasuwa, kabarinsu yana Altarnun, ba wanda ya zo nan don ya ji motsinsu. Abin da ya kawo mu shi ne ɗakin da suka gina.

Tun daga ranar nake ta tunanin gidajen nan biyu da suke kan hanya ɗaya. A labarin na farko, an kira baƙo waje cikin duhu, ba wanda ya tashi ya bi shi, har ya mutu a daji. A tarihin na biyu, baƙo ya rasa hanya a wannan dajin, mai gida ya sa takalminsa ya shige gaba. Tausayin da jikata ta ji wa mutumin katanga abu ne mai kyau, Allah ne ya sa shi a zuciyarta, sai dai a juya shi wajen waɗanda zai amfana. Matattu ba sa bukatar ɗakinmu, ko abincinmu, ko fitilarmu. Wanda yake zaune a waje cikin sanyi ba wanda ya shigo da shi, mai rai ne. Ibraniyawa sura 13 ta ce kada mu manta da karɓar baƙi, a Matiyu sura 25 kuma Ubangiji ya lasafta saukar baƙo kamar shi aka saukar.

Ya ku iyaye, in yaro ya tambaye ku ina mamaci yake, ku ajiye abin da kuke yi ku buɗe masa Littafi. Kada ku razana yara da fatalwa don su yi shiru, gama tsoron da aka shuka da wasa yakan bi mutum har furfura. In kuma an yi rasuwa a gidan maƙwabci, kada ku guji ɗakin, kada ku guji matar da aka bari. A wasu gidajenmu akan kulle ɗakin mamaci shekara da shekaru ba mai shiga, alhali akwai masu kwana a rumfar kasuwa.

Da na komo gida na kira 'ya'yana da suke kusa, muka raba tufafin mahaifiyarsu ga matan zumunta masu bukata. Muka share ɗakinta, muka shafa farar ƙasa, muka bar gado da tebur da kujera, na sayo sabuwar fitila. Masu bishara na ƙauye da suke zuwa taro sukan kwana nan. Yanzu wata gwauruwa ce a ciki da 'ya'yanta biyu, waɗanda rikici ya kora daga ƙauyensu. Da ta zo an gaya mata ɗakin wadda ta rasu ne, ta ce ta ji, ita dai wurin da yaranta za su kwanta take nema. Amarya takan tambaye ni lafiyarsu duk ran Lahadi in mun yi waya, ta kuma aiko musu da littafin hotuna daga kuɗin da take tarawa.

Ubangiji ya ta'azantar da dukan masu makoki a cikinmu, ya kawar mana da tsoron da ba daga wurinsa yake ba, ya kuma buɗe idanunmu mu ga baƙon da yake bakin ƙofa. Amin.